Daga garejin Daura zuwa ɗakin injin jirgin sintiri

Duk zuwan da na yi hutu Daura, ba na kwana biyu sai samarin unguwarmu sun fara yi mini sallama bayan isha'i. Wannan ya tambayi yaushe za a buɗe fom ɗin shiga sojan ruwa, wancan ya ce wai gaskiya ne sai da hanya, wani kuma albashi kawai yake son ji. Kusan kowannensu ya ji a rediyo cewa ana ta sayo wa rundunar sojin ruwa sababbin jirage, don haka a lissafinsu guraben aiki sun buɗe. Sun yi gaskiya, ana buƙatar mutane. Amma irin mutanen da ake buƙata, da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a same su, ban taɓa samun damar yi musu bayaninsa a zama ɗaya ba. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya kasance da ni.

Ni yaron gareji ne. Ina aji uku a sakandare Baba ya kama hannuna ya kai ni wurin amininsa, bakanike mai gyaran injin niƙa, janareto da injin ban ruwa na masu noman rani. Kawu nake ce masa duk da ba mu haɗa jini ba. In na taso daga makaranta can nake wucewa, in wanke filta, in miƙa sifana, in sha faɗa. Wata rana cikin watan Disamba na 2016 muna kwance wani janareto, rediyon Kawu ya ce an ƙaddamar da jiragen yaƙi biyu a Legas. Ɗaya NNS Unity da aka ƙero a ƙasar Sin, ɗaya kuma NNS Karaduwa wanda 'yan Najeriya suka ƙera da hannunsu a ma'aikatar jiragen rundunar. Kawu ya ɗago kai ya ce, "Kogin Karaduwa namu? Wanda aka datse aka yi dam ɗin Zobe?" Na ce ita fa. Ya ce, "To ko wa ke duba masa baƙin mai?" Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Ni kuwa tambayar ta zauna mini a rai.

Cike fom ɗin kansa ba wuya, kuma kyauta ne. A shagon intanet na kusa da tasha na cike nawa. A lokacin ana neman mai shekara 18 zuwa 22 in takardar sakandare ce da shi, da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, wanda bai yi aure ba, kuma kada tsawonsa ya gaza wanda aka ƙayyade. Wahalar tana cikin takardun da za ka buga ka yi ta yawo da su: ta amincewar iyaye, ta shaidar ƙaramar hukuma, ta 'yan sanda, da ta wanda zai tsaya maka. Na fi sati ina zarya a kan keke da ambulan a cikin riga.

Sa hannun da ya fi ba ni wuya na cikin gida ne. Inna ba ta kama sunana saboda ni ne ɗan fari, don haka daga tsakar gida na jiyo tana cewa, "Malam, yaron nan fa ruwan da ya sani bai wuce kududdufin bayan gari ba. A rasa inda za a kai shi sai teku?" Baba ya jima bai ce komai ba, sannan ya ce ajali ba ruwansa da tudu ko rafi. Washegari bayan asuba ya ce in kawo takardar. Kafin ya sa hannu ya gindaya mini sharaɗi ɗaya, cewa ko sisin kwabo ba zai ba kowa ba. Ashe wani mutum ya riga ya same shi a majalisa, ya ce yana da wani babba a Abuja, a kawo kuɗi suna ya fito. Na san gidaje biyu da suka sayar da tumaki suka ba shi, kuma har yau 'ya'yansu na gida.

Jarrabawa a Katsina aka yi mana. Muka bar Daura da sanyin asuba a motar haya, tafiyar kusan kilomita 80, muka tarar da fili cike da samari daga Funtuwa, Malumfashi, Kankiya, Jibiya, ko'ina. Da yake ana raba gurabe ne jiha-jiha, abokan karawarka su ne waɗannan da kuke cin rogo da ƙuli tare a layi. Shekarar farko sunana bai fito ba. Na koma gareji, na sayi tsofaffin takardun jarrabawa ina bitar lissafi da dare. Shekara ta biyu Allah ya nufa.

A tantancewar ƙarshe aka zubar da mutane da yawa a gabana. Wani tsawo ya kayar da shi, wani ranar haihuwarsa ta takardar firamare ta saɓa da ta sakandare, wasu gwajin jini. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani ɗan Mashi ne, ƙaƙƙarfa, ya fi mu gudu duka. Aka buɗe masa wani littafi mai ɗigo-ɗigon launi aka ce ya karanta lambar da ke ciki, ya kasa. Bai taɓa sanin idonsa ba ya rarrabe ja da kore ba sai ranar. A teku da dare, fitilar hagun jirgi ja ce, ta dama kore, da su ake gane inda jirgin da ke gabanka ya dosa. Ya ɗauki jakarsa yana share hawaye, ba wanda ya iya ce masa komai.

Makarantar horar da kurata tana Onne a jihar Ribas. Wata shida muka yi. Ruwan saman da na gani a watan farko ya fi wanda na gani a damina uku a Daura. Fareti, gudu, harbi, ɗaurin igiya, kashe gobara, da iyo. Ranar farko da aka ce in faɗa ruwan da ya fi tsawona, ƙafafuna sun ƙi ɗagawa sai da na yi bisimilla sau uku. Kafin wata biyu na iya. Mutanen kudu da suka taso a bakin rafi suka taimaka mana ƙwarai, mu kuma muka riƙe su a gudun dogon zango. Ranar da aka yaye mu na ɗauka na zama sojan ruwa. Abin da wata shida ke yi shi ne ya cire maka farar hula ya koya maka bin umarni da tsira da ranka. Sanin jirgi kuwa ko hanyarsa ba ka kama ba tukuna.

Saboda na faɗa musu aikin da na taso a ciki, aka sa ni ɓangaren inji, daga baya aka tura ni kwalejin injiniyoyin rundunar da ke Safele a jihar Delta. Waɗanda aka zaɓa wa aikin saman jirgi, sadarwa da bindigogi, yawancinsu makarantar NNS Quorra suka tafi a Apapa. A Safele na fara ganin dalilin abubuwan da Kawu ke yi da hannu ba tare da ya ba su suna ba. A nan ne kuma wani malaminmu ya jera mana jiragen rundunar a allo, ya ce mu duba da kyau. NNS Aradu na Jamus ne, a 1982 ya fara aiki. NNS Thunder da NNS Okpabana daga Amurka aka karɓo su, an ƙera su tun shekarun 1960, suna da injin dizal da kuma inji irin na jirgin sama. NNS Centenary da Unity na Sin ne. Akwai ƙananan jiragen sintiri na Faransa da na Isra'ila, ga kuma na gida, Andoni da Karaduwa. Kowanne da littafinsa, da kayan gyaransa, da halinsa. Hatta sifana ba ɗaya ba ce, ta jirgin Amurka da inci ake aunata, ta sauran da milimita. Wanda ya shekara biyar a ɗaya, in aka ɗauke shi aka kai ɗaya, ba daga farko zai fara ba, amma sai ya yi watanni kafin a bar masa inji shi kaɗai.

Jirgin da aka fara tura ni matsakaici ne, na sintiri. A ɗakin injinsa na tarar da mutumin da ya mayar da ni ma'aikaci. Dattijo ne mutumin Yawuri, ya haura shekara ashirin a aiki, ya kai muƙamin da ƙananan sojoji ke tashi tsaye in ya shigo. A bakin aiki yallaɓai nake ce masa, in muna cin abinci mu biyu kuwa Baba. Shi kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai ɗan Daura. Ranar farko ya miƙa mini tocila da littafin rubutu ya ce, "Ka ga bututun nan? Bi shi da hannunka har inda ya ƙare, ka zana mini. In ka gama ka kama na kusa da shi." Na yi wata uku ina rarrafe a ƙarƙashin faranti, cikin zafi da ƙarar da sai an toshe kunne, jiri na ɗibata in teku ta tashi. Bututun mai, na ruwan sanyaya inji, na iska, na kashe gobara. In na kawo zane ya duba ya ce na tsallake bawul ɗaya, in koma. Ba ya faɗa mini wanne.

Yana da wata ɗabi'a. In ya shigo karɓar duti, kafin ya kalli allon kwamfuta sai ya zaga yana taɓa bututu da bayan hannu, yana saurare, wani lokaci ya sunkuya ya shinshina. Sau biyu na ga ya gano matsala kafin ƙararrawa ta yi kuka. Na tambaye shi yadda ake koyon wannan. Ya ce, "Tsayuwa kusa da wanda ya iya, ɗan Daura. Ba ta da wata makaranta."

A lokacin kashi uku muke a ɗakin inji, kowane kashi ya yi awa huɗu ya huta takwas. A kowane kashi akwai gogagge guda, da matsakaici, da sabon shiga irina. Haka sani ke gangarowa.

Sai jirage suka fara shigowa a jere. A 2021 NNS Lana, jirgin auna zurfin teku da zana taswirarta, ya iso daga Faransa. A ƙarshen shekarar aka ƙaddamar da shi tare da NNS Oji, na uku cikin waɗanda aka ƙera a gida, da tarin ƙananan jirage. A 2022 NNS Kada ya iso daga Sharja, mai tsawon mita 100, wanda ke ɗaukar sojoji da motocin yaƙi ya sauke su a gaɓa. An kuma ba kamfanin Dearsan na Turkiyya aikin ƙera wasu biyu masu mita 76. Wannan duk a zamanin Awwal Zubairu Gambo ne, ɗan Kano, yana babban hafsan rundunar. Mun yi murna, kuma murnar tana da dalili. Gaɓar tekun ƙasar nan ta kai kusan kilomita 850, ga ɓarayin ɗanyen mai, ga masu fashin teku da suka addabi mashigin Gini. A watan Maris na 2022 aka cire Najeriya daga jerin ƙasashen da fashin teku ya yi wa katutu, kuma duk wanda ya kwana a kan ruwa a shekarun nan ya san da guminsa a ciki.

Sai dai jirgi ba ya zuwa da mutanensa. Lissafin kuma ba shi da wuyar ganewa. Ƙaramin jirgi, komai ƙanƙantarsa, yana buƙatar kwamanda, da mai duba hanya, da mai inji, da mai lantarki, da mai sadarwa. In aka sayo goma, sai an nemo goma-goma na kowanne, kuma ba kurata ba, waɗanda za a iya bar wa jirgi cikin dare. Sababbin jiragen ma ba sa cin mutane da yawa kamar tsofaffi, amma kowane mutum ɗaya sai ya san abin da uku suka sani a da, har da kwamfutar da ke sarrafa injin. Kamfani na iya gama jirgi cikin shekara biyu ko uku. Irin Baba mutumin Yawuri kuwa shekara goma ba ta isa a yi shi. Ana iya ƙara yawan kuratan da ake ɗauka a shekara guda, amma mutanen tsakiya, masu shekara takwas zuwa sha biyar a aiki, ba inda ake sayo su. Wasunsu ma suna gama wa'adinsu kamfanonin mai da jiragen 'yan kasuwa ke zawarcinsu da kuɗin da aikin gwamnati ba ya biya. Na san mutum biyu da suka tafi haka, ban kuma ga laifinsu ba.

Saboda haka daga tsofaffin jirage ake tsamo gogaggu. Wata safiya takarda ta zo, an zaɓi Baba cikin waɗanda za su je ƙasar waje a horar da su a kan wani sabon jirgi su taho da shi. Cikin wata biyu aka ɗauke wasu biyu. Aka cike gurabensu da yara uku sababbin fitowa. A takarda adadinmu bai ragu ba. A ɗakin inji kuwa waɗanda za su iya riƙe duti ba su kai a yi kashi uku ba, muka koma biyu, awa shida aiki, awa shida hutu, cikin hutun kuma a ci abinci, a yi salla, a yi wanki, a yi gyaran da ya taso. Ni da nake matsakaici jiya, na wayi gari ni ne babba a kashina. Daren da Baba zai sauka ya ba ni tsohon littafin zanensa ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ga shi tafiya ta kama ku. Ka riƙe yaran nan kamar yadda na riƙe ka."

Ban riƙe su haka ba, kuma ga yadda na gane.

Muna tsaye a bakin mashiga wani dare, wajen ƙarfe uku, zafin janareto ɗaya ya fara hawa. Na taɓa bututun ruwan teku da bayan hannu, na ji bai yi sanyin da ya saba ba. Na san rariya ce ta toshe. Ruwan tekun da ke sanyaya inji ta cikin wata rariyar ƙarfe yake bi, a ruwan Legas kuwa leda da kainuwa ba sa barin ta ta huta. Na tayar da ɗaya janareton, na mayar masa da wuta, na kashe mai zafin. Sai na ce wa yaron da ke tare da ni, wani ɗan Gumel mai hankali da ladabi, ya je ya buɗe rariya ya wanke, ni kuma na tsaya ina rubuta awo. Ban fi minti biyu ba na ji ihunsa. Ya kwance notunan murfi bai rufe bawul ɗin shigowar ruwa ba. Rariyar tana ƙasa da saman teku, don haka tekun ce da kanta ta danno kai, ruwa na feshi har rufi, shi kuma ya danne murfin da ƙirjinsa yana ƙoƙarin mayarwa. Ƙafata ce ta kai ni wurin bawul ɗin tun kafin in yi tunani, saboda na taɓa zana shi sau huɗu. Na murɗa har ya ƙare. Muka tayar da famfon kwashe ruwa. Ba wanda ya ji ciwo, ba abin da ya ƙone.

Hafsan injiniya ya sauko, ya duba, ya dubi yaron yana rawar sanyi, sannan ya juyo gare ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wa ya nuna masa yadda ake yi?" Na buɗe baki na rasa amsa. Yaron ya karanta a makaranta, ya ci jarrabawa, ya ga ina yi sau biyu daga nesa. Ban taɓa kama hannunsa na ɗora a kan bawul ɗin ba. Ban taɓa ba shi tocila na ce ya bi bututu ba. Kullum ina ce wa kaina sai mun samu sarari, sararin kuma barci nake yi a cikinsa. Na rubuta rahoto na ce laifin nawa ne, domin nawa ne.

Bayan kwana biyu hafsan ya tara mu ya ba mu labarin abin da ya sami Amurka a 2017. Jiragen yaƙinta biyu, Fitzgerald da John McCain, sun yi karo da jiragen 'yan kasuwa cikin wata biyu da 'yan kwanaki, sojoji 17 suka mutu. Binciken da aka yi ya nuna gajiya da ƙarancin horo suna cikin dalilan, saboda aiki ya yi wa jiragen yawa har lokacin atisaye ya matse. Ya ce in haka ta sami masu kuɗi da makarantu, mu ba mu da dalilin sakin jiki. Daga ranar aka ware awa guda kullum, ko muna teku ko muna tasha, kowane babba ya zaga da yaransa. Awar daga barcinmu aka yanko ta. Ɗan Gumel ya cika littafi biyu da zane. Yanzu shi ke riƙe da duti a wani jirgin, an ɗauke shi tun bai kai shekarun da na kai ba lokacin da aka bar mini nawa.

Rundunar tana faɗaɗa makarantunta, har arewa ta samu rabo. Akwai kwalejin koyon harkar kayan aiki a Dawakin Tofa ta jihar Kano, akwai sansani a Baga a bakin tafkin Chadi. Ina murna da wannan. Abin da nake roƙo, ni da nake ƙasan jirgi, shi ne duk ranar da za a sa hannu a sayi jirgi, a ranar a fara ware mutanensa da waɗanda za su gaje su a inda aka ciro su, kuma a riƙe dattawan nan da abin da zai sa su zauna.

Da ƙaramar salla na je gaida Kawu. Garejin na nan yadda na bar shi, sai dai injinan ban ruwa sun ƙaru, da yawansu ma na sola ne yanzu. Ya sa aka kawo mini fura, ya tambaye ni ko teku tana da ƙarshe, sannan ya nuna mini wani yaro da ke wanke injekta a cikin gwangwani. Ya ce, "Ga ɗan ƙanenka nan, ya dame ni wai shi ma sai jirgi. Ka tafi da shi." Na ce, "Kawu, ba ni ke ɗauka ba, fom zai cike kamar kowa." Na kira yaron na tambaye shi sakamakonsa. Yana da Turanci, lissafi ne babu. Shekararsa 18, saboda haka yana da sauran lokaci. Muka yi magana zai sake zama jarrabawa, ni zan biya kuɗin.

Kafin in tashi wani manomi ya kawo injin ban ruwa a bayan babur, ya ce yana zafi yana mutuwa. Yaron ya ɗauko sifana zai fara kwancewa. Kawu ya riƙe masa hannu, ya ce a tayar da shi tukuna. Aka tayar. Ya kama hannun yaron ya juya bayansa, ya kai shi kusa da kan injin, ya ce, "Faɗa mini abin da ka ji."